Farfesun Ɗakin Funmi

Ni dai an san ni da baki. Tun ina yarinya haka nake, idan magana ta taso mini ba ta tsayawa a maƙoshi, sai ta fita sannan in tsaya duba inda ta faɗa. Maigidana Suhaibu ya sha ce mini, "Safara'u, ki riƙa haɗiye yawu kafin ki yi magana." In ce masa to, in kuma manta. Abin da zan faɗa muku yau shekara biyu ke nan da faruwarsa, kuma har yanzu ban yafe wa kaina ba.

Mahaifina, Malam Almu, manomin barkono ne a wani ƙauye can bayan Giwa. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce ta fari, Innarmu kuma ta rasu ina 'yar shekara goma sha shida. Idan kaka ta yi yakan biyo mota da buhunan barkono zuwa nan Suleja, ya sauka wurin dillalinsa a kasuwa, ya kwana biyu ya koma. Shekara bakwai ina aure a unguwar Hashimi, ƙafarsa ba ta taɓa taka tsakar gidanmu ba. Sai dai Suhaibu ya kai ni kasuwa in durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya amsa idonsa na kan buhu. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ne sunana a bakinsa, in kuma da wani yake magana ya ce "'yar nan". A wurinmu haka uba yake da 'yar fari, kuma ba ya cin abincin gidan da take aure. Ruwa ma sai ƙishi ya kai shi bango.

A zuwansa na ƙarshe ciwon ciki ya kayar da shi a rumfar dillalin. Kafin a kira mu har an kai shi asibiti, likitoci suka ce hanji ne ya huje, aka shiga da shi tiyata. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gado. Da aka sallame shi aka ce kada ya yi nisa, za a riƙa wanke masa ɗinkin duk bayan kwana biyu. Nan daru ya fara, domin ya ce shi ba zai kwana a ɗakin surukinsa ba. Allah ya taimake mu akwai wani shago a bakin gidan hayarmu, tela ne ya tashi daga ciki, mai gidan ya ce Baba ya zauna har ya ji sauƙi. Shagon yana da babbar ƙofa ta wajen titi, da wata ƙarama mai buɗewa cikin gida. Baba ya tambaya ya tabbatar ba Suhaibu ne ya kama shi ba, sannan ya yarda aka shimfiɗa masa katifa.

Sai maganar abinci. Ya aika ƙauye, ƙanwarsa Gwaggo Sa'ida ta ba direba gero a ɗan buhu. Ya ce da shi zan riƙa dama masa kunu, tunda geron gonarsa ne. Kunu da safe, kunu da rana, da yamma ya sa a karɓo masa burodi a wurin mai shayi. Na kai masa tuwo da miyar kuka da nama, ya ce alhamdulillahi a ƙoshe yake. Na kai masa shinkafa, kwano ya dawo yadda ya tafi, ko murfin bai ɗaga ba. Wani zai ce ƙannena fa? Su ma a gidan miji suke, duk abin da ya fito daga hannunsu a wurin Baba na suruki ne.

Aka yi sati biyu ɗinki ya ƙi haɗuwa. Bakin ciwon ya yi fari, yana ta tsatso ruwa, Baba kuwa wuya ya yi masa tsawo, rigarsa tana lilo a jiki. Nas ɗin da ke wanke masa, Sista Uju, 'yar ƙabilar Ibo ce amma a Suleja aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Zariya. Wata rana ta ja ni waje.

"Madam, me tsohon nan yake ci?"

Na ce kunu.

"Kunu da me?"

"Da burodi."

Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Kin ga, ni wankewa kawai nake yi. Jiki ne ke ɗinke kansa, kuma sai an ba shi kayan aiki. Kunu zai ba shi ƙarfin tashi da zama, amma ba zai haɗe wannan wurin ba. Ki ba shi kaza. Tsokar ƙirji, ki cire fatar, ki dafa ta yi laushi. Kitsenta kaɗan ne, cikinsa zai iya ɗauka, kuma abin gina jiki ne cike da ita. Kada ki ce mini romo, na san ku da son ba maras lafiya romo. Tsokar ce aikin. Ƙwai da kifi ma suna yi. In aka ci gaba a haka, wata rana ɗinkin nan zai buɗe, ba zan ɓoye miki ba."

Ta shiga ta faɗa wa Baba da kanta. Ya yi mata godiya, ya ce Allah shi ne mai warkarwa. Suhaibu ya ɗauko limamin unguwa, liman ya zauna ya yi masa bayani cewa addini bai hana mutum cin abincin surukinsa ba, balle maras lafiya. Baba ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce, "Malam, ban ce haramun ba ne. Ba zan iya ba ne." Na ce a saya masa da abin da ya rage a aljihunsa, ya ce wannan na taki ne, damina na tafe. Ranar na shiga ɗaki na yi ta masifa ni kaɗai, har da jifa da ludayi.

A gidan hayarmu akwai Funmi, Bayarabiya ce Kirista, tana sayar da kayan roba a kasuwa. Ɗakinta na fuskantar nawa, kuma mun sha faɗa a kan igiyar shanya, don ita ma ba kanwar lasa ba ce. Ita ta same ni a bakin rijiya ina wanke tukunyar kunu ina hawaye. Na kwashe komai na faɗa mata.

Ta ce, "Ah-ah, Maman Jannat. To abincin maƙwabci fa, shi ma ba ya ci?"

Na ce na maƙwabci ai kyauta ce, zai ci.

"To mene ne wahala? Ki dafa, ni in kai."

Haka muka tsara. Suhaibu yana aikin tayil a Abuja, asuba yake fita don ya samu mota kafin hanya ta cushe. Sai ya sayo kaza a hanyar dawowa ta kwana a kwando, da asuba ya yanka ta a bayan banɗaki kafin ya wuce. In fige, in raba uku, kashi biyu su shiga firizar Funmi. Girkin ma a ƙofar ɗakinta nake yi, a kan rishonta, don ƙamshin ya taso daga ɓangarenta. Citta kaɗan, albasa, kanumfari, ba yaji. In dafa har tsokar ta riƙa rabuwa da kanta, in zuba a kular Funmi mai ruwan ɗorawa.

Ranar farko ta ɗaura ɗankwali ta zagaya ta ƙofar titi, ni kuma na laɓe a bayan ƙaramar ƙofar. Na ji ta yi sallama irin tasu, ta durƙusa.

"Baba, sannu da jiki. Na ji kana ciwo, na ce bari in kawo ɗan farfesu."

Baba ya ce, "Yarinya, wa ya yanka?"

"Musulmi ne, Baba. Bahaushe ne, yana salla."

Sai na ji ƙarar murfin kula, sai bisimilla, sai cokali yana taɓa kwano. Wallahi zama na yi a ƙasa a wurin.

Kullum da hantsi Funmi take kai masa kafin ta tafi kasuwa. Wata rana farfesu, wata rana in yayyaga tsokar in haɗa da dankali, wata rana in sa dafaffen ƙwai a gefe. Cikin kwana goma Baba ya fara fita masallaci da sanda. Bakin ciwon ya yi ja, ruwan ya ragu. Sista Uju ta ce, "Yauwa, yanzu jiki ya samu abin aiki. Sati uku nan gaba a haka, sai ya koma gonarsa." Suhaibu ya yi ta murna, har ya fara zolayata wai ashe Bayarabiya ta fi ni iya girki.

Ni ma ina murna, kada ku ce ba na yi. Amma akwai abin da ke cin raina. Duk ranar da Baba ya gama ci, sai ya ɗaga murya ya yi ta sa albarka. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki masu yi miki. Yadda kika jiƙa mini ciki, Allah ya jiƙa miki rayuwa. Hannun nan Allah ya tsare shi daga wuta." Har sunanta ya koya, yana cewa Fummi. Ni kuwa ina bayan ƙofa, hannuna na warin albasa, yatsana da ƙunar risho. In na kai masa kunu da yamma, abin da zan samu shi ne, "Ajiye nan." Shekara talatin da ɗaya ina jiran kalma ɗaya irin waɗancan daga bakinsa, ga su nan yana rabawa ga wadda ta ɗauki kula daga nan zuwa can. Na san dabara ce, ni na shirya ta, amma kishi bai san wannan ba. Na fara yi wa Funmi gatse, ita kuma ta riƙa share ni.

Wata ranar Asabar Gwaggo Sa'ida ta zo duba shi, tare da dattawa biyu na ƙauyenmu. Gwaggo irina ce, wasu ma sun ce ita na gado. Suka zauna a shagon, ni ina bakin ƙaramar ƙofa a durƙushe, Suhaibu yana daga waje kansa a ƙasa. Sai ga Funmi da kula. Baba ya buɗe a gabansu, ya ɗauki tsoka, ya ce, "Kun ga wannan yarinyar? Ita ta tashe ni. Ba dangin iya ba dangin baba, ba addininmu ɗaya ba, amma kullum sai ta kawo mini kaza."

Dattawan suka yi ta sa mata albarka. Gwaggo kuwa ta juyo kaina.

"Ke kuma kina ina? Kina zaune a birni kin yi ƙiba, bare na ciyar da ubanki? Ko ba zai ci naki ba, ai kya nemi dabara. Kunu kawai kika iya? Allah ya jiƙan uwarki, da tana raye da ba ta bari an ga wannan abin kunya ba."

Da ba ta ambaci Inna ba, ƙila da na jure. Na ga Funmi tana girgiza mini kai, na ga Suhaibu ya ɗago. Duk na gani, amma bakina ya riga ya buɗe.

"Gwaggo, ni nake dafawa. Kwana goma sha bakwai ni nake dafawa. Baban Jannat ke sayowa, shi ke yankawa da hannunsa da asuba. Ita kula kawai take ɗauka."

Ɗaya daga cikin dattawan ya shiga gyaran hula. Tsokar na hannun Baba, ya kusa kai ta baki. A hankali ya mayar da ita cikin kula, ya rufe, ya goge yatsunsa da gefen tabarma. Bai kalle ni ba, bai kalli Suhaibu ba. Ya tambayi Gwaggo ƙarfe nawa motarsu za ta tashi gobe.

Babu irin roƙon da ba mu yi ba. Suhaibu ya durƙusa har ƙasa. Funmi ta yi kuka, ta ce daga yau ita za ta saya ta dafa da kanta, ta rantse da Allah. Gwaggo da kanta ta dawo tana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri ka ƙarasa maganin." Ya ce ya gode wa kowa, ya ji sauƙi, gona na jiransa. An faɗa a gaban mutanen garinsa cewa ya kwana goma sha bakwai yana cin naman surukinsa, kuma ya san kafin sati labarin ya zagaye ƙauye. Washegari da safe ya naɗe tabarmarsa. Na bi su har tasha ina kuka, ya shiga mota ya zauna ta ɓangaren da ba na ganin fuskarsa.

Hanyar ƙauyenmu daga bakin titi duk ramuka ce, kuma a bayan babur ake ƙarasawa. Kwana huɗu da komawarsa ƙasan ɗinkin ya buɗe. Mai kemis na garin ne ke wanke masa. Gwaggo ta ce ta yi ta fama ya bari a yanka masa cikin kajinsa, ya ce masu ƙwai ne, a bar su. Aka ce a kai shi asibiti a Zariya, ya ce ya gaji da gadon asibiti. Duk ranar da na kira, sai ta ce da sauƙi, amma muryarta ba ta sauƙi ba ce. A sati na uku ta ce, "In za ki zo, ki zo."

Muka tafi ni da Suhaibu, muka isa bayan azahar. Da na shiga ɗakin ban gane Baba ba sai da ya yi motsi. Ya zama ƙashi da fata, idanun sun faɗa, ɗakin yana warin ciwo. Suhaibu ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Baba ya amsa da ƙyar, sannan ya kira Gwaggo ya ce a kama kaza a yanka wa baƙo, suruki ba ya zuwa gida a ba shi tuwo gaya.

Wani maƙwabci ya yanka, na ce da Gwaggo ta bar mini girkin. Na fige, na cire fata, na ware tsokar ƙirji na dafa ta daban har ta yi laushi. Sauran aka kai wa Suhaibu zaure, shi ma ya kasa taɓawa. Na ɗauki ɗan kwano na shiga wurin Baba, na durƙusa kusa da shi, kusancin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Na ce, "Baba, wannan kazarka ce, a gidanka, da itacenka aka dafa. Babu hannun kowa a ciki. Don Allah ka ci."

Ya ɗaga kai kaɗan. Na tallafe shi, na ɗebi 'yar tsoka kamar ƙwayar gyaɗa na sa masa a baki. Ya yi ta juya ta. Ya yi ƙoƙari, na ga maƙoshinsa yana motsi, amma ta ƙi wucewa. Na tara hannu ya mayar mini da ita. Na ba shi romo cokali ɗaya, shi ya haɗiye.

Ya lumshe ido. Ya ce, "Shi ne dai. Bai canza ba."

Ban gane ba, na ce, "Me, Baba?"

"Kanumfarin nan. Uwarki ce ke ƙona shi a wuta kafin ta daka. Duk garin nan ita kaɗai ke yin haka." Ya tsaya ya ja numfashi. "Tun cokalin farko na san hannun wa ne. Ina kuma jin kukan kaza da asuba, ba kurma ba ne ni."

Na ajiye kwanon.

"Tunda ba a faɗa ba, ina iya ci," in ji shi. "Da kin bar shi a haka."

Na ce ya yafe mini, bakina ne, kishi ne ya ɗebe ni. Na faɗa masa gaskiya, na ce albarkar da yake sa wa Funmi ce ta tsaya mini a rai, ni ban taɓa samun ko ɗaya ba.

Ya buɗe ido, ya kalli rufin ɗaki, ba ni ba.

"Yarinyar tana gabana a durƙushe. Me zai sa in ɗaga murya? Ina ganin ƙafarki ta ƙasan ƙofa."

Daga nan barci ya ɗauke shi. Na zauna a wurin har aka kira la'asar, farfesun ya huce, kitse ya kwanta a samansa. Gwaggo ta shigo ta ɗauke kwanon.

Kwana biyu ya ƙara, ruwa kawai yake iya sha. Ranar Talata da hantsi ya cika, ina tsakar gida ina dama masa kunu.